Kainuwa Dashen Wa?

 

 Wataƙila mai karatu zai yi mamakin ganin mujallar ƙungiyar addini ta ware shafuka a kan ciyawar ruwa, alhali ga matsalolin zongo nan jibge, ga rashin aikin yi, ga shaye-shaye, ga mutuwar aure. Muna roƙon a yi haƙuri a bi mu zuwa ƙarshe, domin tambayar da wannan ciyawa ta jefo mana ta shafi dukkan waɗancan matsaloli, kuma ta shafi yadda muke fahimtar addininmu.

Kwanakin baya wasu daga cikinmu suka tafi ta'aziyya Kete-Karaci. Wanda ya san hanyar ya san sai an tsaya a Dambai an jira jirgin fito ya ƙetarar da motoci kogin Oti. Muna cikin jira sai wata 'yar'uwarmu ta hango wani tsiro yana yawo a bakin ruwa, ganyensa kore shar mai sheƙi, da fure shunayya gwanin sha'awa. Ta sunkuya ta tsamo shi ta sa a roba, ta ce za ta kai gida ta sa a baho ta yi ado da shi. Wani dattijo mai kwalekwale da ke gyaran ragarsa ya ɗago kai ya ce mata, "'Yata, in kina ƙaunar Allah kada ki kai wannan abu garinku. Jefa shi can kan tudu rana ta kashe shi." Ɗaya daga cikinmu ya tambaye shi, "Baba, to in haka sharrinsa yake, wa ke lura da shi a nan?" Dattijon ya yi dariya ya ce, "Ai kowa yana ganinsa."

Wannan amsa ita ce ta hana mu sukuni har muka dawo gida. An tambaye shi wa ke lura, ya amsa da wa ke gani. Tsakanin gani da lura kuwa akwai tafiya mai nisa.

Mece ce wannan ciyawa?

Kakanninmu sun san kainuwa, wadda ganyenta ke shimfiɗe a kan ruwa kamar buɗaɗɗen kabeji, mai laushi da gashi-gashi, har suka yi mata kirari da kainuwa dashen Allah, saboda ba wanda ya shuka ta kuma saiwarta ba ta taɓa ƙasa. Wadda 'yar'uwarmu ta tsamo wata ce dabam, ko da yake mutane da yawa suna kiranta da sunan ɗaya. Masana suna ce mata Eichhornia crassipes, Larabawan Masar suna kiranta furen Nilu. Mu a nan za mu ce mata baƙuwar kainuwa. Ana gane ta da ganye mai kauri da sheƙi, da kara mai kumburi kamar soso wanda ke hana ta nutsewa, da baƙar saiwa mai yawan gashi, da fure shunayya mai ɗigon rawaya a ganyen furen na sama.

Asalinta Kudancin Amurka ne, yankin kogin Amazon. Ba iska ce ta ƙetarar da ita teku ba. Mutane ne suka ɗauke ta saboda kyan furenta. A 1884 an nuna ta a wani babban bajekoli a birnin New Orleans na Amurka, baƙi suka tafi da ita gidajensu, ba a daɗe ba ta toshe koguna a kudancin ƙasar. A ƙarshen shekarun 1950 ta bayyana a Farin Nilu a Sudan, ta riƙa taruwa a bayan madatsar Jabal Auliya kudu da Khartum. A 1984 ta shigo ruwayen Badagiri da Ikko a Nijeriya. Nan Gana ma a matsayin furen ado aka fara ganinta a wajajen Tema da Ankara, daga baya ta mamaye kogin Tano da tafkin bakin teku da muka haɗa iyaka da ƙasar Kwaddibuwa a kansa, sannan a ƙarshen shekarun 1990 ta bayyana a kogin Oti, wanda ke zuba cikin Tafkin Bolta.

To, ashe wannan ba za a yi mata kirarin tsohuwar kainuwa a wanke hannu ba. Allah ne Ya halicce ta, babu shakka, amma hannun ɗan Adam ne ya dasa ta inda take yanzu, hannu irin na 'yar'uwarmu, wanda ba ya nufin kowa da sharri.

Abin da ya sa take da haɗari shi ne saurin yaɗuwarta. Uwa tana miƙa reshe a kan ruwa ta haifi 'ya, 'yar ma ta haifi tata. Inda ruwa ke da ɗumi da taki, takan ninka kanta cikin kamar mako biyu. Mai karatu ya ɗauki alƙalami ya yi lissafi da kansa. Tsiro ɗaya, bayan wata uku ya zama 64. Bayan wata shida ya haura 4,000. Bayan mako 40, wato kwatankwacin cikin mace, ya wuce miliyan ɗaya. Kuma 'ya'yan irinta suna iya kwanciya cikin laka har shekara 20 su sake tsirowa. Idan ta rufe ruwa, hasken rana ba ya shiga, iskar da kifi ke shaƙa ta ragu, raga ba ta jefuwa, kwalekwale ba ya ratsawa, sauro da macizai da dodon koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya su sami mafaka.

Mutanen Tafkin Biktoriya a Gabashin Afirka sun ɗanɗana. An fara ganinta a can a ƙarshen shekarun 1980. Zuwa 1998 ta rufe fiye da hekta 17,000, ta tsare jirage a tashar Kisumu ta Kenya, ta riƙa toshe mashigar ruwan injinan lantarki a Jinja ta Yuganda. Cikin shekara goma kacal abin da yaro zai iya tsamewa da hannu ɗaya ya gagari gwamnatoci uku.

A sake duba lissafin nan ta baya, domin a nan darasin yake. Idan yau ta gama rufe wani lungun tafki, mako biyu da suka wuce rabinsa a buɗe yake. Wata biyu da suka wuce kashi ɗaya ne kawai cikin goma sha shida ya rufu, kuma duk wanda ya yi magana a ranar za a ce masa mai neman tada hankali ne. Lokacin da aikin ke da sauƙi ba mai ganin dalilin yinsa, lokacin da kowa ya ga dalili kuma aikin ya fi ƙarfin kowa.

Farillar da kowa ke barin wa kowa

Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa farilla iri biyu ce. Akwai wadda ke kan kowane baligi da kansa, kamar salla da azumi, ba mai ɗauke wa wani. Akwai kuma farillar kifaya, kamar wanke mamaci da yi masa salla da binne shi, wadda idan wasu suka tsaya da ita ta sauka daga kan saura, idan kuwa aka rasa mai yi gaba ɗaya, laifin ya hau kan duk wanda ya sani kuma yake da iko.

Mun lura cewa yawancinmu rabin farko na wannan hukunci muka haddace. Muna jin daɗin cewa idan wasu sun yi ta sauka daga kanmu, muna mantawa da cewa sai an tabbata wasun sun yi. Zato ba ya sauke farilla. Jana'iza dai tana da sa'a, domin gawa ba ta ɓoyuwa, kuma kunya ba ta barin unguwa ta kwana da ita. Amma akwai farillan kifaya da ba su da mai shela. Ba wanda zai buga ƙofarka da asuba ya ce maka tsiro biyar sun shigo lungun da mata ke ɗiban ruwa. Irin wannan farilla takan mutu a tsakanin jama'a kowa yana tsammanin tana hannun wani. Masunci yana zaton ma'aikacin gwamnati ya sani, ma'aikaci yana zaton da akwai matsala da an kawo masa rahoto, mai sayen kifi yana zaton ai masunta ne 'yan ruwa. Kowa yana gani, kamar yadda dattijon ya ce.

Malamanmu sun karantar da mu cewa ruwa yana cikin abubuwan da mutane suka yi tarayya a cikinsu, kuma kawar da abin cutarwa daga hanyar jama'a sadaka ce, yanki ne na imani. Kogi hanya ce. Dubban mutane daga Yeji zuwa Makango, daga Kpando-Toko zuwa tsibirai, ba su da titin da ya wuce ruwan nan, a kansa ake kai mai naƙuda asibiti, a kansa yara ke zuwa makaranta. Idan ɗauke ƙaya daga turba yana da lada, me za a ce da tsame abin da zai rufe turbar gari guda? Kuma masana ƙa'idojin fiƙihu sun tabbatar da abin da Bahaushe ya faɗa da nasa harshe, cewa rigakafi ya fi magani. Daga nan muke ganin cewa sa ido a kan ruwa kafin cutar ta kafu yana cikin hukuncin kawar da cutar kanta, tunda ba a kawar da abin da ba a gano ba.

Wasu al'ummu sun riga mu tsara wannan aiki. A jihar Maine ta Amurka, mai tafkuna kusan 6,000, an kafa ƙungiyar 'yan sa kai masu lura da tafkuna tun 1971. Talakawan gari ne, malaman makaranta da 'yan fansho da ɗalibai. Ana koya musu bambance tsiron gida da baƙo, kowa ya ɗauki yankinsa na gaɓa, ya bi shi a kwalekwale yana leƙa ƙarƙashin ruwa da wani bokiti mai gindin gilashi, ya rubuta abin da ya gani, wanda ya shige masa duhu ya aika wa masana. A Tafkin Biktoriya ma, da aka kawo wani ɗan ƙwaro daga asalin ƙasar ciyawar wanda ba ya cin komai sai ita, a tsakiyar shekarun 1990, ƙauyukan masunta sun taimaka wajen kiwonsa da sakinsa a ruwa. Ciyawar ta ja baya ƙwarai kafin shekara ta 2000, da taimakon ƙwaron da kuma ruwan sama da iska mai ƙarfi na 1997 da 1998, amma daga baya ta sake dawowa a ɓangaren Kisumu. Wannan ya nuna cewa gadi ba aikin shekara ɗaya ba ne.

Uzurorin da muka ji

Da muka kawo maganar a zaman ƙungiya, 'yan'uwa sun kawo uzurori, kuma amana ce mu faɗe su yadda suke.

Na farko suka ce aikin gwamnati ne. Gaskiya ne akwai Hukumar Kogin Bolta tun 1961, akwai hukumar kare muhalli, akwai masu binciken ruwa, kuma haƙƙinsu ne su kawo injina da ƙwararru. Ba mu yarda a fake da 'yan sa kai a yi barci a ofis ba. Amma Tafkin Bolta, wanda ya samu bayan gama madatsar Akosombo a 1965, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 8,500, da lunguna da tsibirai barkatai. Babu hukumar da ke da idanun da za su kewaye wannan gaɓa kowane mako biyu. Idanun suna wurin masu wanki da masu ɗiban ruwa da masu fito da masu sayen kifi. Hukuma tana da hannu, jama'a ke da ido, kuma hannun da ba a nuna masa wuri ba lalube yake yi.

Na biyu suka ce ikon Allah ne, abin da Ya ƙaddara ba makawa. Mun yi imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta. Amma mai wannan magana yana kulle shagonsa da kwaɗo biyu kafin ya tafi masallaci, kuma bai taɓa barin akuyarsa a sake da sunan tawakkali ba. Me ya sa tawakkalinmu ba ya tashi sai a kan dukiyar jama'a? Ƙari a kan haka, ƙazantar da ke ciyar da wannan ciyawa daga gare mu take. Ruwan kwata da bayan gida da kashin shanu da takin zamani da ruwan sama ke wankewa zuwa kogi su ne abincinta. Wanda ya juye shara a magudanar Nima ko ta Aboabo da dare ba shi da bakin cewa ƙaddara ce ta lalata ruwa.

Na uku shi ne ya fi nauyi. Wani ɗan'uwa ya miƙe ya ce, "Ku da kuke maganar aikin sa kai, kun san akwai wanda bai karya ba a cikinmu? Mai yunwa za a ce ya je gadin ruwa kyauta?" Ba mu da amsar da za ta share wannan hawaye, kuma ba ma zargin wanda neman abinci ya hana shi. Shari'a ba ta ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Sai dai muna tunatarwa cewa idan lungu ya rufu, ba mai kuɗi ne ke fara jin jiki ba. Iyayenmu mata da ke saro bandar kifi daga Yeji da Dambai su kawo kasuwannin Kumasi da Ankara, su ne jarinsu ke karyewa, kuma da ribar nan aka biya wa da yawanmu kuɗin makaranta. Sannan abin da ake nema bai wuce sa'a biyu a cikin mako biyu ba, kuma mun san sa'o'in da muke kashewa a benci ana musun ƙwallo.

Maganar baƙo

Akwai wani uzurin da ba a faɗa a fili ba, amma mun san yana kwance a zukata. Shi ne cewa ƙasar ba tamu ba ce, ruwan na masu gari ne, mu baƙi ne, baƙo kuwa raɓa ne. Kuma akwai wani abu a cikin wannan batu da ke sosa mana tsohon miki. Duk lokacin da aka ce baƙuwar ciyawa ta zo ta mamaye, ta kori 'yan gida, sai a tumɓuke ta, ɗan zongo yakan ji wani iri, domin an taɓa yin irin wannan magana a kan mutane. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasar, zongo-zongo suka watse, aka rabu da gidaje da ƙaburburan iyaye. A 1983 Nijeriya ta yi wa 'yan Gana irin wannan kora. Don haka wajibi ne mu faɗi magana a sarari: mutum ba ciyawa ba ne, kuma duk wanda ya ari wannan misali ya ɗora a kan ɗan Adam ya yi zalunci.

Ko a tsakanin tsirrai ma, baƙunci ba shi ne laifin ba. Koko, wanda ya riƙe tattalin arzikin ƙasar nan fiye da shekara ɗari, daga yankin Amazon ɗin nan ya fito, ƙasa ɗaya da baƙuwar kainuwa, kuma Tetteh Quarshie ne ya kawo irinsa daga tsibirin Fanando Po a 1879. Rogo da masara da gyaɗa da tumatir da barkono duk daga nahiyar Amurka suke. Mangwaro da dogon yaro daga wajajen Indiya. Idan aka kori baƙi daga tukunyarmu, da wuya a ɗora girki yau. Abin da ya raba koko da baƙuwar kainuwa, ko da ciyawar nan ta gona da manoma suka laƙaba wa sunan Acheampong, shi ne ɗaya ya zauna ya amfanar, ɗaya kuwa ya ci shi kaɗai ya hana kowa numfashi. Da hali ake auna abu. Ɗan gida ma idan ya cinye haƙƙin jama'a ya toshe wa kowa hanya, halin ciyawar nan ne gare shi.

To, mu a wane layi muke? Alhaji Umaru, babban malamin da aka haifa a Kano, ya zauna Salaga, ya koma Kete-Karaci bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, ya karantar a can har ya rasu a 1934. Tsohon garin da ya rayu a ciki ruwan tafki ya cinye shi a shekarun 1960, lokacin da aka tayar da mutane kusan 80,000 daga matsugunansu, har da mutanen zongo. Wanda gidan kakansa ke ƙarƙashin tafki, da wane baki zai ce tafkin ba nasa ba ne? Wani ɓangare na wutar da muke karatu da ita daga Akosombo yake. Ruwan da muke alwala da shi a Ankara daga Kpong da Weija yake, na Kumasi daga Barekese da Owabi. Raɓa ba ta kai hantsi, mu kuwa mun haifi 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne a nan. Muna neman a ɗauke mu cikakkun 'yan ƙasa wajen katin shaida da aikin gwamnati, kuma haƙƙinmu ne. Amma mai gida shi ne wanda ke tashi da dare ya duba ƙofa ba tare da an biya shi ba. Duk ranar da muka ce gadin ruwa ba namu ba ne, mun sa hannu da kanmu a kan takardar da ke cewa mu 'yan wucewa ne.

Ladan wanda bai ga komai ba

Saura tambaya ɗaya, wadda ita ce ta fi wuya a kan zuciyar matashi. Mai lura zai fita sau ashirin, sau goma sha tara ba zai ga komai ba. Ba za a ɗauki hotonsa ba, ba za a kira sunansa a taron Maulidi ba. Idan aikinsa ya yi kyau, sakamakon shi ne babu abin da ya faru, kuma ba a yi wa mutum godiya a kan masifar da ba ta zo ba. Wanda ya kawo injin yanke ciyawa bayan ta rufe gari shi ake yi wa tafi, wanda ya tsame tsiro uku shekara biyar kafin nan ba wanda ya san da shi.

Mu a ganinmu wannan shi ne ya sa aikin ya dace da mai neman gyaran zuciya. Mun saba da ayyukan da ke da lasifika. Magabata kuwa sun girmama ribaɗi, wato zaman gadi a bakin iyaka, alhali mafi yawan dararen mai ribaɗi suna wucewa ba tare da ya ga ko inuwar maƙiyi ba, kuma ba a ce ladansa ya ragu saboda haka ba. Aikin da riya ba ta samun abin kamawa a cikinsa ni'ima ce ga mai yinsa.

Amma akwai jarrabawa a ciki. Ranar da gajiya ta kama mai lura, ko ruwan sama ya tsare shi, Shaiɗan zai raɗa masa cewa rubuta "ban ga komai ba", ai ko ka je hakan za ka rubuta. Wannan shaidar zur ce, ko da a kan ciyawa aka yi ta. Gara ya bar shafin fari, domin farin shafi yana gaya wa jama'a cewa ba a duba ba, a tura wani. Rubutun ƙarya kuwa yana sa su kwanta da zaton farilla ta sauka, alhali tana nan a wuyansu. Kalmar "ban gani ba" ba ta da daraja sai daga bakin wanda ya je ya duba.

Abin da muke kira gare shi

Muna kira ga rassanmu da ke garuruwan bakin ruwa, da 'yan'uwa na kusa da madatsun da ke shayar da birane, kowane reshe ya je ya gai da sarkin gari da sarkin zongo da shugaban masunta, ya nemi izini da shawara, domin masunta sun fi mu sanin ruwan nesa ba kusa ba. A raba gaɓa, mutum biyu-biyu, a bi ta sau ɗaya duk mako biyu, a fi mai da hankali ga inda jirage ke tsayawa da bakin magudanai da lungunan da iska ke tara shara. A ajiye littafi ɗaya a masallaci, a rubuta rana da wuri da abin da aka gani da sunan wanda ya je. Abin da aka yi shakka a kansa a ɗauki hotonsa da waya a kai wa ɗan asambili da jami'in muhalli na gunduma. Tsiro kaɗan da hannu zai kai, a jawo shi da sanda ko manjagara, a kai tudu nesa da ruwa ya bushe a ƙone, kada a daddatsa shi a bar guntaye a ruwa. Kada kowa ya zuba maganin kashe ciyawa a ruwan da mutane ke sha. Kada a tura yara su shiga ruwa saboda tsargiya, kuma wanda bai iya iyo ba ya tsaya a tudu. Masu kwalekwale su duba jikin jirgi da raga kafin su koma wani ruwan. Mata kuma, don Allah, kada kyan fure ya ruɗe mu mu kai shi gida.

'Yar'uwar tamu dai ta bi maganar dattijo, ta jefar da furen a kan tudu. Da muka dawo bayan kwana uku mun tarar ya yanƙwane. Amma a bakin ruwan mun ƙirga wasu guda bakwai suna yawo, mutane suna ta wucewa ta gabansu da kaya a ka, mu ma jirgi ya iso muka shiga.

Allah Ya yafe mana abin da muka gani muka wuce. Ya sa mu cikin masu tsare amanar da ba mai tambayarsu sai Shi. Ya albarkaci ruwayenmu da masu neman halali a cikinsu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.